Kafin ka ɗauko kwalin monita: amsoshin tambayoyinku

Fiye da rabin wasiƙun da suka taru mini tun fitowar da ta wuce a kan monita suke, wato allon nan na kwamfuta da muke zuba wa ido daga safe har dare. Mutum yakan yi wata guda yana bincike kafin ya sayi kwamfuta, ya tambayi wannan ya tambayi wancan, amma da an zo kan allo sai ya ce a ba shi babba mai kyau, ya biya ya tafi. Alhali kwamfutar a ƙarƙashin tebur za ta zauna, allon ne zai tare masa fuska. Na zaɓi wasiƙu shida, na rage tsawon wasu saboda fili, masu su su yi mini afuwa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni akanta ne, daga gida nake yawancin aikina. Nakan yi kamar awa takwas a kan Excel da amsa wasiƙu. Da dare idan na samu sarari sai in buga gem na awa ɗaya ko biyu, ƙwallo da tseren mota, jifa-jifa kuma na harbi. Monitar da nake da ita inci 22 ce, ta kwana biyu. Tebur ɗaya gare ni, monita ɗaya kuma zan iya saya. Wani abokina ya ce in sayi 4K in huta, wani kuma ya ce 4K asarar kuɗi ce, in nemi mai 240Hz. Kaina ya ɗaure. Wa zan bi?

AMSA: Wa alaikumus salam. Kada ka bi ko ɗaya, duk da cewa babu wanda ya yi maka ƙarya a cikinsu. Kowanne monitar da ransa ke so ya kwatanta maka. Kai da kanka ka ba da rabin amsar: awa takwas a kan lambobi, awa biyu a kan gem. Allon da za ka saya sai ya fara sauke haƙƙin awa takwas ɗin kafin ya waiwayi biyun. Ɗaya rabin kuwa ka baro shi a gida, domin ba ka gaya mini wane katin hoto, wato na'urar da ke zana abin da allo ke nunawa, ke cikin kwamfutarka ba. Zan dawo kansa.

Lambobi uku ne ke rikita mutane a jikin kwali. Ta farko inci. Daga kusurwar sama ake ja zuwa kusurwar ƙasa ta ɗaya gefen, saboda haka mai inci 24 faɗinta kusan santimita 53 ne, mai 27 kusan 60, mai 32 kuma ta kai 70. Kafin ka fita, ɗauki tef ka auna teburinka, har da nisan da ke tsakanin bango da bakin tebur. Idan tazarar idonka da allon ba za ta wuce tsawon hannunka ba, inci 32 zai sa ka wuni kana waige dama da hagu kamar mai shirin tsallaka titi.

Ta biyu yawan ɗigo. Hoton da kake gani ƙananan ɗigo ne aka jera, su ake kira fiksel. In kana son gani da idonka, buɗe farin shafi, ka kawo kyamarar wayarka dab da allon ka zuƙo hoton. Farin nan zai tarwatse ya koma 'yan sanduna, ja da kore da shuɗi, uku-uku, kowane uku ɗigo ɗaya ke nan. Abin da ake kira 1080p ɗigo 1920 ne a kwance, 1080 a tsaye, jimla miliyan 2 da 'yar ɗoriya. Mai 1440p tana da 2560 sau 1440, kusan miliyan 3.7. Ita kuwa 4K, 3840 sau 2160, miliyan 8.3, ninki huɗu cif na 1080p.

Inda ake faɗawa rami shi ne a kalli inci ba a haɗa shi da yawan ɗigo ba, kuma ni kaina na faɗa. Shekarun baya na ajiye mai inci 24 na sayo mai 27, dukkansu 1080p, ina ta murna na samu ƙarin fili. Da na kunna ta sai na ga layukan da nake gani a tsohuwar su ne dai a sabuwar, ko ɗaya bai ƙaru ba, kumbura kawai suka yi. Ɗigo miliyan 2 ɗin nan aka baza a wuri mafi faɗi, daga kusan 92 a kowane inci suka koma 82. Gefen haruffa ya zama kamar haƙoran zarto. A ƙaramin rubutu sai na matso kafin in bambance waƙafi da aya, kai kuwa mai aikin kuɗi ka fi ni sanin abin da waƙafi da aya ke iya jawowa. Shekara biyu na yi ina kallonta ina jin haushin kaina. Da 1440p na saya a inci 27 ɗin, da ɗigo 109 na samu a kowane inci, rubutu ya fito tas, ga ƙarin kashi ɗaya cikin uku na layuka a tsaye da kuma a kwance.

Abokinka mai 4K yana da hujja. A inci 27 tana ba da ɗigo 163 a inci, rubutu ya fito kamar bugun littafi, kuma wanda ya saba da shi da wuya ya koma baya. Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa ba. A wannan girman haruffa sukan yi mitsi-mitsi har sai Windows ta ƙara musu girma zuwa kashi 150 cikin ɗari, kuma idan ka raba 3840 da ɗaya da rabi, 2560 za ka samu. Filin aikin ya dawo daidai da na 1440p ke nan, kyan rubutu ne ya ƙaru. Kuɗin kyan kuwa da dare za ka biya shi, lokacin da katinka zai riƙa zana ɗigo miliyan 8 a kowane hoto na gem.

Lamba ta uku ita ce Hz, wato sau nawa allo ke sabunta hotonsa a sakan ɗaya. A 60Hz kowane hoto yana zama milisakan 16.7, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. A 144Hz ya sauko 6.9. A 240Hz, 4.2. Tunda lissafi sana'arka ce, duba da kanka: daga 60 zuwa 144 an rage maka kusan milisakan 10, daga 144 zuwa 240 kuwa abin bai kai 3 ba. Tsallen farko kowa na ganinsa, har a wurin aiki. Ja shafin Excel ƙasa da sauri, za ka ga lambobi na wucewa kana iya bin su da ido, maimakon su zama hazo. Tsalle na biyu na 'yan gasar harbi ne, waɗanda ƙiftawar ido ke raba su da kofi. Mai buga ƙwallo bayan ya tashi daga aiki ba zai ji ya rasa komai ba.

To sai maganar kati. Monita nunawa kawai take yi, katin ne ke zana hoto ya miƙo mata. Idan hoto 70 yake iya fitarwa a sakan a gem ɗin da kake so, ko ka sayi mai 240Hz 70 ɗin za ka gani, ka sayi ingarma ke nan ka bar shi a turke. Yau da dare buɗe gem ɗinka, kunna ma'aunin da ke nuna yawan hoto a sakan, ka ga nawa yake bayarwa a 1080p. Idan yana haura 100 ba tare da nishi ba, zai iya ɗaukar 1440p, ko da lambar za ta ragu, domin ɗigon da zai zana ya ƙaru da kusan kashi 78 cikin ɗari.

Shawarata ke nan: inci 27, 1440p, nau'in allon da ake kira IPS (bayaninsa na cikin amsa ta gaba), 144Hz ko 165Hz. Idan katin ya ɗan gaza, da ni ne zan saye ta duk da haka in rage inuwa da hayaƙi a saitin gem, domin monita mai kyau takan binne kwamfuta biyu ko uku kafin ta mutu. Sai in katin ya gaza ƙwarai, kuma ba ka da niyyar canza shi nan kusa, sannan ka koma kan inci 24 mai 1080p da 144Hz. Amma a wannan yawan ɗigo kada ka wuce 24.

Kuma kada ka raina ƙafarta. Masu araha da yawa sunkuyawa kawai suke yi gaba da baya, ba sa hawa ba sa sauka, shi ya sa littattafai da dama suka ƙare rayuwarsu a ƙarƙashin monita ba a sake buɗe su ba. Nemi wadda ake ɗagawa a sauke. In ba ka samu ba, leƙa bayanta ka ga ko akwai ramukan kusa huɗu masu tazarar milimita 100 ko 75, ma'aunin da ƙungiyar VESA ta tsara. Da su za ka iya ɗaura ta a hannun ƙarfe daga baya.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina gyaran hotuna da tsara katunan gayyata a kwamfuta, ɗana kuma yana buga gem a kanta ranakun hutu. Mai sayarwa ya jero mini IPS da VA da TN da OLED, ya ce OLED ce ƙarshen zance. Ni ban san ko ɗaya ba. Mene ne bambancinsu?

AMSA: Barka kadai Malama. Ukun farko 'yan ɗaki ɗaya ne. A kowaccensu akwai fitila a baya da ke kunne koyaushe, a gabanta kuma kowane ɗigo yana da wani ɗan labule da ke buɗewa da rufewa, ya bar haske ya wuce ko ya tare shi. Yadda aka tsara labulen ne ya raba su.

TN ce babbar yayarsu. Tana da sauri da araha, amma ki ɗan sunkuya ko ki leƙa ta gefe, launi ya juye. Mai aikin hoto ba ta da abin yi da ita. VA ta fi su iya rufe labule, shi ya sa baƙinta baƙi ne wuluk. Farinta yakan ninka baƙinta haske kamar sau 3000, na IPS kuwa wajen sau 1000. Kallon fim a kanta cikin ɗaki mai duhu daɗi gare shi. Aibinta, idan abu ya gifta da sauri a wuri mai duhu cikin gem yakan bar baƙar jela a bayansa, musamman a masu araha.

IPS, wadda kamfanin Hitachi na Japan ya fito da ita a 1996, tana riƙe launinta ko ta ina aka kalle ta, kuma abin da aikinki ke nema ke nan. Jan da kika zaɓa a tsakiyar allo ya kasance shi ne a kusurwa, mai katin da ya tsaya a bayanki yana leƙe kuma ya ga abin da kike gani, kada a buga ya ce ba wannan launin ya zaɓa ba. Ita ma da nata halin: a cikin duhu, idan hoton baƙi ne, za ki ga wani haske-haske a kusurwoyi. Kada ki mayar da ita saboda wannan, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

OLED gidanta daban. Babu fitila a baya, kowane ɗigo shi ke kunna kansa, in aka ce baƙi sai ya mutu ɗungurum. Wajen kyau mai sayarwa bai yi ƙari ba, in ɗanki ya ga gem a kanta sai an yi da gaske kafin ya tashi. Matsalar ita ce ɗigon da ya fi shan aiki ya fi saurin tsufa. Manhajar gyaran hoto kuwa gefenta cike yake da akwatunan kayan aiki da ba sa motsi daga safe zuwa yamma, ga layin ƙasa na Windows. A kwana a tashi inuwarsu na iya zama a allon ta ƙi gogewa. Sababbin fitowa suna da dabarun rage hakan, wasu kamfanoni ma sun sa shi cikin garanti, amma ba zan ce wa mai wuni a gaban hoto tsayayye ta kai kuɗinta can ba. Ƙari a kan haka, a yawancinsu jerin ja da kore da shuɗin ba irin wanda Windows ta saba da shi ba ne, sai ƙananan haruffa su riƙa yin wani baki-baki mai launi.

Ki ɗauki IPS, ki duba an rubuta tana cika sRGB kashi 99 ko 100. Ma'aunin launi ne da HP da Microsoft suka tsara a 1996, kuma har yau shi yawancin hotunan intanet ke bi. In ta zo da 144Hz, yaron ma ya samu rabonsa.

TAMBAYA: Malam, na tara kuɗi na sayi monita mai 165Hz, na jona, wallahi ban ga bambancinta da tsohuwata ba. Anya ba jabu aka sayar mini ba?

AMSA: Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, da wuya jabu ce. Sau da yawa Windows takan bar sabuwar monita a 60Hz har sai an gaya mata. Danna maɓallin dama na maus a fuskar kwamfutar, shiga saitin allo, gangara inda aka rubuta Advanced display, a nan za ka ga wurin zaɓen Hz.

Da kunya nake faɗa maka wannan. Wata huɗu na yi da mai 144Hz ina yaba santsinta ga duk wanda ya shigo, har ranar da wani ƙanena ya zauna a kujerata, ya motsa maus sau biyu, ya ce, "Yaya, ai wannan a 60 take." Na yi masa musu. Ya buɗe saitin, ga shi kuwa ɓaro-ɓaro. Da ya mayar da ita 144 na ga kibiyar tana tafiya kamar an shafa mata mai, sai na shiga neman wani zancen.

Idan ka je wurin ba ka ga 165 a jerin ba, to waya ce ko rami. Leƙa bayan kwamfutar. In ta tebur ce mai katin hoto, akwai ramuka a sama kusa da na USB, akwai kuma wasu a ƙasa jere a kwance. Na ƙasan su ne na katin. Wanda ya jona a sama ya bar katin da ya saya da tsada yana sharar barci. Sannan ramukan ba ƙarfinsu ɗaya ba, ko da kamanninsu ɗaya. HDMI, ramin nan irin na bayan talabijin, hawa-hawa ne: 1.4 bayanai gigabit 10.2 yake ɗauka a sakan, HDMI 2.0 na 2013 yana ɗaukar 18, 2.1 na 2017 kuma har 48. Monitoci da yawa masu 1440p a 144Hz suke tsayawa ta HDMI 2.0, ba sa kai 165 sai ta DisplayPort, ramin nan mai kusurwa ɗaya a yanke. Kuma yi amfani da wayar da ta zo cikin kwali, ka bar tsohuwar da ka ciro daga bayan talabijin.

Tunda ka shiga saitin, kunna FreeSync ko G-Sync. Kati ba ya aiko hoto a kan ƙa'ida ɗaya, yanzu 90 a sakan, an jima 130, allo kuwa yana bugawa a nasa lokaci. In suka saɓa sai ka ga hoton ya tsage a tsakiya, rabin sama ya riga na ƙasa. A cikin kamfanonin da ke ƙera katin hoto, Nvidia ta fito da G-Sync a 2013, AMD ta biyo da FreeSync a 2015, dabarar kuma ɗaya ce, a sa allo ya jira kati. Tun 2019 katunan Nvidia suna aiki da monitocin FreeSync da yawa ta DisplayPort. Sai dai a wasu sai ka fara kunna shi daga maɓallan da ke jikin monitar kafin kwamfuta ta gan shi.

TAMBAYA: Malam, monita biyu nake kwatantawa. A kwalin ɗaya an rubuta 1ms da HDR400 da manyan baƙaƙe, ɗayar kuma 4ms ce ba ta da HDR. Ta farkon ta fi kyau ke nan?

AMSA: Dokin mai baki ya fi gudu. Wannan ms ɗin lokacin da ɗigo ke ɗauka ne ya sauya daga wani launi zuwa wani. Sauye-sauyen suna da yawa, wasu na sauri wasu na nawa, kamfani kuma mafi saurin yake ɗauka ya buga a kwali, bayan ya murɗa wa allon wuta har ƙarshe. In ka sa wannan matakin a gida za ka ga wata farar fatalwa tana bin duk abin da ke motsi, saboda ɗigon ya zarce launin da aka aike shi sannan ya dawo. A saitin monitar Overdrive ake kiransa, kuma kusan kullum matakin tsakiya ya fi. Wasu kuma ta hanyar ƙyafta fitilar baya suke samun 1ms ɗinsu, abin da ke rage haske, kuma a yawancinsu ba ya tafiya tare da FreeSync. Abin dubawa shi ne ko ɗigon na gama sauyawa kafin hoto na gaba ya iso, wato cikin milisakan 6.9 a 144Hz. Masu gwaji masu zaman kansu ne ke auna wannan da na'ura. Nemi gwajin da aka yi wa kowacce daga cikin biyun da lambar samfurinta, kada ka yi sayen kifi a ruwa.

HDR kuma manufarsa rana ta yi ƙyalli, inuwa ta yi duhu, duk a hoto guda. Hakan na bukatar fitilar baya da aka raba gida-gida, kowane gida na iya dusashewa shi kaɗai, ko kuma OLED. DisplayHDR 400 shi ne matakin ƙasa a ma'aunin da VESA ta fitar a 2017, kuma bai wajabta wannan rabon ba. Kunna HDR a irin wannan allon, sau da yawa hoton koɗewa yake yi kamar rigar da ta sha wanki. Kada ka ƙara kuɗi saboda shi.

TAMBAYA: Malam ina da laftof ta wurin aiki da kuma PlayStation 5. Monita ɗaya za ta iya ɗaukar su biyun?

AMSA: Za ta iya, in ka karanta bayanta da kyau. PlayStation 5, wadda ta fito a Nuwamban 2020, HDMI kaɗai gare ta, kuma iyakarta 120Hz, saboda haka duk abin da ya haura wannan ba ita zai amfana ba. In kana son 4K a 120Hz dole monitar ta kasance da HDMI 2.1. In 1440p ce, wanda Sony ta ƙara mata a 2022, HDMI 2.0 ya isa 120Hz. Amma jiran nan da allo ke yi wa na'ura, wanda a wurinta VRR ake kiransa, irin na HDMI 2.1 take nema. FreeSync na HDMI 2.0 da Xbox ke karɓa ita ba ta karɓarsa. Duba kuma ko monitar na da sifika, da yawa ba su da shi. In babu, akwai ramin abin kunne a jikin abin riƙon wasan.

Ta wajen laftof, monita mai USB-C ni'ima ce: waya ɗaya ta kai hoto ta kuma dawo da caji. Sai dai ba kowane ramin USB-C na laftof ke fitar da hoto ba. Duba ko akwai alamar DisplayPort ko ta walƙiya kusa da shi, ko ka tambayi masu kula da kwamfutocin wurin aikinku. Sannan juya cajar laftof ɗin ka karanta. In an rubuta 65W, nemi monita mai bayar da 65W ko fiye. Akwai masu bayar da 15W kacal, ka jona kana aiki batir na sauka.

TAMBAYA: Malam, kullum kafin a tashi daga aiki idanuna sun yi ja suna zafi, wani lokaci har da ciwon kai. An ce in sayi tabarau mai tare shuɗin haske, wasu kuma sun ce monitar zan canza. Ni mace ce mai aikin buga takardu.

AMSA: Sannu Malama, Allah ya sauwaƙe. Tabaran nan kada ki yi gaggawarsa. A 2023 cibiyar Cochrane mai tantance binciken lafiya ta tattara gwaje-gwaje 17 a kansa, ba ta kuma samu hujjar cewa yana rage gajiyar ido ba. Fara da abin da ba ya cin kuɗi.

Monitoci sukan fito daga kamfani da haske a sama sosai domin su ja ido a wurin nuni, mutane kuma haka suke barin su. Ɗauki farar takarda ki riƙe ta kusa da farin shafi a allon. In allon ya zama kamar fitila kusa da takardar, ki yi ta ragewa har su kusa daidaita. Ranar farko za ki ga kamar ya yi duhu, kwana biyu kin saba. Taga ta kasance a gefenki. In tana gabanki ido na kokawa da haske biyu, in tana bayanki kuma tana faɗowa cikin allon. Saman allon ya yi daidai da idonki ko ya ɗan yi ƙasa, nisan kuma kamar tsawon hannu. In rubutu ya yi miki ƙanƙanta ki ƙara masa girma, ki daina miƙa wuya.

Mai kallon allo yakan rage ƙifta ido bai sani ba, daga nan bushewa da zafin suke zuwa. Likitocin ido suna da wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: duk minti 20 ki ɗauke kai ki kalli abu mai nisan ƙafa 20, wato kamar mita 6, na tsawon sakan 20. In kin yi mako biyu a kan haka ciwon kan bai lafa ba, ki je a auna idon, wataƙila gilashin likita yake nema.

Akwai yanayi ɗaya da laifin na monitar ne. Wasu, musamman tsofaffi, suna rage haske ta hanyar kashe fitilar baya da kunna ta sau ɗaruruwa a sakan. Ido ba ya gani, amma wasu mutane kansu na ji. Ki rage hasken sosai, ki buɗe farin shafi, ki kashe fitilar ɗakin, sannan ki riƙe fensir a gaban allon ki kaɗa shi da sauri dama da hagu. In kin ga inuwa guda a shafe kamar an ja buroshi, monitarki lafiya lau. In kuwa kin ga fensir biyar ko shida a jere, kowanne a rabe da ɗan'uwansa, to tana ƙyaftawa, kuma ita za ki canza. Ki nemi wadda aka rubuta Flicker-Free a kwalinta, ki kuma tafi da fensirin.